Zarton Kuran da Babban Yatsan Ƙafata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga mahaifinka Isuhu kafinta, na unguwar Zongo a Yamai, zuwa ga Mai Sunan Baba.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa motar da ta ɗauke ka ta sauke ka Maraɗi lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba. Wannan takarda na sa ta cikin akwatin kayan aikinka ne, don na san shi za ka fara buɗewa kafin ma ka nemi ruwan wanka.

Ka san ni da kai ba mu saba doguwar magana ba. Kai ne ɗan fari, ga kuma sunan mahaifina a kanka, to ta ina zan fara? Shekara da shekaru muna aiki a rumfa ɗaya, zancenmu bai wuce "miƙo guduma" da "riƙe nan" ba. Innarka ce ta gaji da ganina ina kai da kawowa a tsakar gida, ta ce, "Malam, in bakinka ya yi nauyi ai hannunka bai mutu ba. Rubuta mishi." Shi ne na zauna. In ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, hannun ya fi sanin zarto da alƙalami.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Shekaranjiya da hantsi ka kawo zarton kuran ɗin nan, mai aiki da wutar lantarki, da ka saya wurin 'yan gwanjo a Babbar Kasuwa, ka ja waya daga shagon Seyni mai gyaran wuta, ka ce za ka gwada shi a bakin rumfa. Ka ɗora katako a kan gungume, ka tuɓe takalmi, ka take katakon da ƙafar dama, yatsunka dab da layin da za ka bi. Yanka ya fita sumul, mutane suka yi ta yaba maka. Ni kuwa yatsun nan naka kawai nake kallo. Ban ce maka komai ba a gaban jama'a, ban so in rage maka farin ciki. Amma ba zan bar ka ka tafi da wannan ɗabi'a ba. Zan zo kanta, bari dai in bi da kai ta hanyar da ni na bi, don ka san ba daga sama nake magana ba.

Lokacin da annasara suka fara ɗaure kaya za su koma ƙasarsu, kasuwa ta cika da abin da suka bari, gadaje ne, kujeru ne, har da tukwanen da ba mu san abin da ake dafawa a ciki ba. Wata rana kukun wani annasara ya zo mini da zarton kuran a nannaɗe cikin buhu, yana waige-waige kamar wanda ya sato, alhali ba shi aka yi. Ya faɗi kuɗi, na ji araha, na biya nan take. Ban ce a kunna in ji ba, ban nuna wa kowa ba, don kada wani ya riga ni. Washegari na sa riga mai kyau na ɗauke shi zuwa gidan da nake gyaran taga, na soka waya a bango ina taƙama. Ya yi wata ƙara kamar ɗan akuyan da aka taka, ya tura hayaƙi mai wari, ya yi shiru. Na kai wa Seyni, ya goge wani ɗan ƙarfe da ke manne a gefensa ya karanta, ya dube ni ya ce, "Isuhu, wannan ƙaramin kuran ne yake ci, kai kuma ka ba shi babba. Kala suru." Wato sai haƙuri, da Zabarmanci. Haƙurin kuwa na yi shi, don ba yadda zan yi.

Saboda haka kada ka ji kunyar sayen na hannu. Sababbin da ke kantunan Filato, unguwar manya, ba don irinmu aka jera su ba tukuna, kuma tsoho mai lafiya zai ciyar da gida kamar sabo. Amma duk injin da mai shi ya ƙi yarda a kunna a gabanka, bar masa kayansa. In an kunna, saurara da kyau. Mai lafiya muryarsa ɗaya ce, ba ta hawa da sauka. Kai hancinka kusa, in ka ji ƙauri ka ajiye. Bi wayar da yatsa tun daga kai har gindi, ka ga ko an yi mata ɗauri da tsumma. Sannan ka tambayi wanda ya sani wane kuran yake ci, don tambaya ba ta rage wa kafinta daraja. Kuma kada ka tara injuna don a ce kana da su. Zarto ɗaya da injin huda ɗaya sun ishi mai gyaran gidaje, sauran aikin hannu ne.

Naka kam na duba shi jiya da ka tafi sallamar kawunnanka. Na kunna na saurara, na kira Seyni shi ma ya saurara. Ka iya zaɓe, ka fi ni ido nesa ba kusa ba, kuma na ji daɗi har cikin raina. Murfin da ke rufe haƙoran ne kawai yake ɗan maƙalewa, na kwance shi na wanke da kananzir na zuba mai, yanzu yana komawa da kansa.

Zarto na biyu da na saya, da Seyni muka je. Shi ne wanda ka taso ka gani a rumfa. Aikin farko da na yi da shi kanta ce ta Alhaji Garba tela, mai shago kusa da Petit Marché, wato ƙaramar kasuwa, yana son inda zai jera yadi. Na auna, na ja layuka a kan dogon katako gaba ɗaya tun daga wannan kai har wancan, kamar yadda na saba yi da zarton hannu, na bi ta kan layukan fir-fir, kafin a ce me na gama. Ina ta jin kaina. Da na zo haɗawa sai kowane guntu ya ƙi kaiwa, na ƙarshen kuwa har ana iya zura yatsa ta gefensa. Ashe haƙorin injin yana da kauri, duk inda ya wuce sai ya ci rabonsa ya mai da shi gari. Na cusa 'yan guntaye na toshe, kanta ta tsaya, amma ba ta daina motsi ba. Har yau in na bi ta ƙofar shagon sai Alhaji ya ɗaga murya ya ce, "Isuhu, taho ka ga kantarka, ta ji kiɗa tana rawa!" Ya ƙi yarda in sake masa ita, wai in na gyara da wa zai riƙa yin dariya.

To ka auna ɗaya, ka yanka, sannan ka auna na gaba. Kada ka bi ta kan layi, ka bi ta gefensa, ta ɓangaren da za a yar, ka bar layin yana kallonka bayan ka gama. In fallen katako ne mai fuska mai kyau, kifa fuskar ƙasa, domin haƙoran daga ƙasa suke tasowa, saman ne suke yagewa. In kuwa dole fuskar ta kalli sama, fara jan layin da wuƙa mai kaifi. Kada ka tura injin da ƙarfi don kana sauri, in ka ji muryarsa ta yi nauyi to ka matsa masa ne, sassauta. Haƙori in ya dakushe sai ya riƙa ƙona katako, kada ka yi masa rowar magagari. Mutane za su kawo maka katakon tsofaffin akwatunan kaya su ce ka yi musu ƙofa ko benci, don shi ne mai sauƙi. Karɓa, katako ne mai kyau, amma ka bi shi a hankali ka cire ƙusoshin da suka ɓuya kafin ka sa masa zarto.

Ƙofa kuma sha'aninta daban. Gidajenmu na ƙasa ba wanda bangonsa ya miƙe, magini da ido yake aiki. Auna sama, auna tsakiya, auna ƙasa, za ka ga kowanne da abin da zai gaya maka. Wadda aka kira ka da damina aka ce ta ƙi rufuwa, kumbura ta yi don ta sha danshi, ɗan kaɗan za ka rage mata. Na taɓa zaftare wa innarka ƙofar ɗaki da damina, rani na zuwa sai ga kaji suna shiga ta ƙasa ba sallama. Ba sai na gaya maka abin da na sha a bakinta ba, ka san ta.

Akwai kuma ranar da na kusa barin garin nan don kunya. Bayan mun samu mulkin kai, 'yan ƙasa suka shiga gidajen Filato da annasara suka bari. Wani babban ma'aikaci ya kira ni in yi wa tagoginsa firam na ragar sauro. Ina cikin yanka a falo sai kuran ya ɗauke. Na jira, bai dawo ba, ga azahar ta yi, sai na ajiye zarton a ƙasa na fita gindin bishiya na yi alwala. Maɓallin irin na da ne, in ka tura shi nan yake zama, ni kuwa ban mai da shi ba, wayar ma tana bango. Ina raka'a ta biyu na ji ƙara daga cikin gida, sannan na ji ihu. Kuran ya dawo, zarto ya tashi shi kaɗai ya kama hanya a tsakar falo. Ko da na sallame na shiga, ya yaga shimfiɗa, ya datse ƙafar wata kujera, wayarsa ta fizge ya tsaya. Madam matar gidan kuwa tana tsaye a kan tebur da takalmi ɗaya, tana zuba mini faransanci, wanda na gode Allah ban ji ko rabinsa ba.

Kujerar dai na rage sauran ƙafafun suka yi daidai, ta koma 'yar gajera, kuma an ce mai gidan ya fi son ta a haka, a kanta yake shan iska da yamma. Yanzu abin dariya ne. A ranar kuwa da na tuna yaran gidan a nan falon suke wasa in sun taso daga lakwal, wato makaranta, sai na kama salati. Don haka ko kuran ya ɗauke, ko an kira salla, ko ruwa za ka sha, zare waya daga bango. Haka in za ka canza haƙori. Gidan mutane kake shiga, akwai yara, akwai awaki, kuma ba abin da ke tara yara kamar ƙarar inji. Ka kore su nesa ko da uwarsu za ta ɓata rai. In ka gama ka share garin katakon da kanka, matan gida ba sa manta kafintan da ya bar musu shara.

Yanzu na zo kan ƙafa.

Kakanka, wanda kake ɗauke da sunansa, masassaƙi ne a ƙauyenmu can wajen Dogondutse. Turmi da akushi da kujerar mata yake yi. Ban taɓa ganinsa yana aiki a tsaye ba. Zama yake yi a ƙasa ya kama icce da tafin ƙafa biyu, yatsunsa na juya shi yadda yake so, gizago na sauka kusa da su, ko gezau. Haka ya koya mini, kuma ina alfahari da hakan. Da na zo Yamai na koma kafinta, ƙafata ta biyo ni. Ita ce mai riƙe mini katako, ba ta neman lada, ba ta makara. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, gizago da zarton hannu suna tsayawa inda hannunka ya tsaya. Na kuran ba ruwansa da hannunka, ko ka saki yana ci gaba.

Shekarar da ka yi damina a ƙauye wurin kawunka ne. Wani ɗan kasuwa a nan Zongo ya kira ni in rage masa tsohuwar ƙofar maɗaci da ke gogar ƙasa. Murfin haƙoran zartona yana maƙalewa a lokacin, kamar yadda naka yake yi, maimakon in wanke shi sai na ɗaure shi baya da waya don kada ya ɓata mini lokaci. Na kwantar da ƙofar a kan duwatsu biyu, na take ta da ƙafar dama, na fara. Na yi nisa sai haƙori ya iske wani ƙulli a cikin iccen, ƙofar ta ɗan lotsa ta matse shi, zarton ya yi tsalle ya dawo baya. Ban ji zafi ba da farko, wani ɗumi kawai na ji. Sai da na ga mai gidan ya dafe kai yana salati sannan na duba ƙasa, na ga babban yatsan ya tafi. Seyni ne ya ɗaure mini ƙafar da rawaninsa ya ɗora ni a keke zuwa likita, yana tuƙi yana faɗa, rabi da Hausa rabi da Zabarmanci, "Ni na gaya maka! Ƙafa na tafiya ne, Isuhu, ba na aiki ba ne!"

Da ka dawo aka ce maka inji ne ya ƙwace. Haka kowa yake faɗa, ni ma ban gyara ba. Injin bai ƙwace ba, abin da aka yi shi dominsa ya yi. Ni ne na kai masa ƙafata.

Za ka ce yatsa ɗaya ne. Ni ma haka na ce kafin in tashi tsaye. Sai da na koyi tafiya sabuwa da girmana, ina dafa bango kamar mai tatata. Takalmin faɗe da na saba sawa tun ina saurayi ya gagare ni, don ba inda igiyar za ta kama. Tsani ya zama abin tsoro, aikin rufi duk na bar wa wasu. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne zaman tahiya, ranar da na fara komawa masallaci na je in kafa yatsan kamar kullum na ji babu. A nan cikin sahu hawaye ya zubo mini. Watannin da na yi a kwance innarka ce ta riƙe gidan da tuyar ƙosai, ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai takan zauna ta yi ta kallon ƙafar.

Bayan na warke na bar take katako in ina aiki da inji, amma a aikin hannu ban bari ba, na koma yi da ƙafar hagu. Kai kuma kana gefe kana kallo, ba ka tambaya, ni ba na bayani. Ashe duk kana kwashewa. Don haka abin da ka yi shekaranjiya ba laifinka ba ne, a wurina ka gani, ni kuma a wurin kakanka. Gado ne mai kyau, ya ciyar da mu, amma ba a haɗa shi da kuran. Tsoro nake ji, Mai Sunan Baba, na faɗa maka a fili. Ban taɓa jin tsoron wani abu a kaina kamar yadda na ji da na ga yatsunka a bakin layin nan ba.

Ga abin da nake roƙonka. Kafin ka karɓi aikin kowa a Maraɗi, ko da na gidan sarki ne, fara yi wa kanka teburin aiki mai ƙarfi wanda ya kai ƙugunka. A can ƙasan akwatin, cikin tsohon zanen innarka, akwai ƙarafan matse katako guda biyu, waɗanda muke ce wa serjuwan. Nawa ne, na san za ka gane su. Su za su riƙe maka katako daga yau, ko a gidan mutane ka je ka tafi da su. Ka tallafe abin da kake yankawa ta yadda guntun zai faɗi waje, kada ya lotsa ya matse haƙori. Ka tsaya a gefen zarto, kada ka tsaya a bayansa. Hannu biyu a kan inji. Naɗe hannun riga, babbar riga kuwa rataye ta sai an tashi. Murfin nan kada ka kuskura ka ɗaure shi, in ya maƙale a bar aikin a wanke shi. Kuma ka sa takalmi rufaffe ko da zafi zai kashe ka, don ƙafar da ke cikin takalmi ba ta saurin tuna tsohuwar ɗabi'a.

Za a yi maka dariya, na sani. Tsofaffin masassaƙa za su ce yaron Yamai ya zama annasara, yana aiki a tsaye da takalmi. Gaishe su da ladabi, ka tambaye su iccen ƙasarsu, don sun fi ka saninsa, sannan ka koma teburinka. Zarton hannunka ma kada ka bar shi ya yi tsatsa, ba kowace unguwa kuran ya kai ba, kuma inda ya kai ɗin ma yakan yi tafiyarsa ba sallama.

Ban rubuta wannan don in karya maka gwiwa ba. Ka fita a lokaci mai kyau. Ƙasa tamu ce yanzu, 'yan kasuwar gyaɗa suna ta gini, wanda da labulen zana ya ishe shi yau ƙofa yake so da taga, matan aure suna son kanta ta jera kwanoni. Aiki ba zai yanke maka ba in Allah ya yarda. Hannunka ya fi nawa taushi, haɗinka ba ya neman toshi, ga haƙuri da ka ɗauko wurin innarka, don ni kam ba a wurina ka samo shi ba. Na daɗe da sanin haka, faɗa ne ban iya ba. Ina sa ran wata rana a ce mini ga wata ƙofa a Maraɗi, aikin ɗan Isuhu ne, in yi kamar ban ji ba alhali zuciyata fal.

Innarka tana gaishe ka, ta ce yajin da ƙulin suna cikin ƙullin shuɗi, kada ka rabar duka a mota. Seyni ya ce ka nemi mai gyaran wuta na kirki ka riƙe shi aboki. Alhaji Garba ya ce in ka tashi yin kanta kada ka tambaye ni.

Muna sa ranka da Babbar Salla. In ka iso ka tuɓe takalmi a bakin zaure ka durƙusa ka gaishe ni, za ka ga na sunkuyar da kai ban dubi fuskarka ba. Kowa zai ce kunyar ɗan fari ce, bar su su ce. Kai dai ka sani yatsunka nake dubawa.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa albarka a hannunka, ya dawo mana da kai cif, ba abin da ya ragu. Amin.

Mahaifinka,
Isuhu